Ciwon haƙarƙari ya ƙi barina tun hunturu, me ke iya jawo shi?

Telan Unguwa:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawarar waɗanda Allah Ya hore wa sanin harkar lafiya, da kuma waɗanda suka taɓa fama da irin abin da ke damuna. Ni tela ne a Kano, shekaruna sun kusa 40, kuma tun cikin hunturun da ya wuce nake jin ciwo a haƙarƙarina na dama, daga ƙasan nono kaɗan ya zagaya ta kwiɓi har zuwa wajen allon kafaɗa. Abin ya faro ne bayan wata mura mai tsanani da ta zo mini da tari, irin tarin da sai mutum ya dafe ƙirjinsa kafin ya yi shi. Murar ta wuce, amma ciwon ya zauna, ga shi har zafi ya shigo bai tafi ba.

Ba ciwo ne da ya kwantar da ni ba, domin ina fita shago kullum. Idan ina zaune shiru nauyi kawai nake ji a wurin, amma da zarar na ja dogon numfashi, ko na yi atishawa, ko na juya jiki zan ɗauko yadi a kan kanta, sai ya soke ni har sai na dakata da abin da nake yi. Da dare kuma nakan daɗe ina juyi kafin in sami kwanciyar da za ta yi mini daɗi.

Na je kemis an haɗa mini ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, idan na sha sai ciwon ya lafa na wuni guda, washegari ya dawo. Mai kemis ɗin ya ce alamar olsa ce. Mahaifiyata ta ce sanyi ne ya shige ni, a kira wanzami ya yi mini ƙaho a wurin. Wani abokina kuma ya tsorata ni da cewa hanta a dama take, in je a duba. Maganganun sun yi mini yawa har na rasa wadda zan kama. Don Allah, waɗanne abubuwa ne ke iya sa haƙarƙari ya daɗe yana ciwo haka, kuma ta yaya mutum zai gane wanda za a iya haƙuri da shi da wanda ba ya son jinkiri?

Malamar Jinya:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Abin da zan faɗa ba zai ɗauke maka zuwa asibiti ba, domin ciwon ƙirji sai an taɓa an kuma saurara ake gane shi, amma zai taimaka maka ka san abin da za ka gaya wa likita idan ka je gabansa.

Ɗan Adam yana da ƙasusuwan haƙarƙari 24, wato 12 a kowane gefe, kuma dukkansu daga ƙashin baya suka taso. Bakwai na sama suna haɗuwa da ƙashin tsakiyar ƙirji ta hanyar guringuntsi, uku da ke biye da su guringuntsinsu yana manne ne da na samansu, biyu na ƙarshe kuwa ba su iso gaba ba, a sake suke. A tsakanin kowane ƙashi da na kusa da shi akwai siririyar tsoka, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙon ciwo, wadda ta fito daga laka ta bi ƙarƙashin ƙashin ta zagayo har gaba, shi ya sa ciwon wannan wuri ya cika zagayawa daga baya zuwa gaba kamar yadda ka kwatanta. Abin da ke sa shi daɗewa kuma shi ne wurin ba ya samun hutu. Hannu idan ya yi targaɗe ana iya rataye shi a wuya a bar shi ya warke, amma baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a kowane minti, dare da rana, kuma kowane numfashi sai ya motsa wurin da ke ciwon.

Mafi yawan waɗanda muke gani da irin wannan ƙorafi, matsalar a jikin bangon ƙirjin take, ba a cikinsa ba. Tari mai ƙarfi yana iya fizgar tsokar da ke tsakanin ƙasusuwan, haka ma ɗaukar buhu, da daka, da jan guga, da huɗa a gona. Akwai kuma kumburin guringuntsi a inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji, wanda ya fi kama na 2 zuwa na 5, kuma yana yawan biyo bayan mura da tari. Alamarsa ita ce mutum yana iya nuna wurin da yatsa ɗaya, idan aka danna kuma sai ya zabura ya ce nan ne. Wannan ba ya kisa, yakan tafi da kansa, sai dai yana iya ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Akwai wani nau'insa da ke zuwa da kumburin da ido ke gani, wanda wani likitan tiyata Bajamushe, Alexander Tietze, ya bayyana a 1921, amma shi ba a cika samunsa ba.

Abin da mutane ba su cika yarda da shi ba shi ne tari kaɗai yana iya tsaga ƙashin haƙarƙari ba tare da an faɗi ko an bugu ba, musamman ga tsofaffi da matan da ƙashinsu ya yi rauni. Tsagewar takan haɗe cikin mako 6 ko kusa da haka, kuma ƙaramar tsagewa ba lallai ne ta fito a hoto ba. Sannan sana'arka ma abin dubawa ce. Wanda ke wuni a duƙe kan keken ɗinki, kafaɗa ɗaya a gaba, yana takura mahaɗar haƙarƙari da ƙashin baya, kuma ciwon da ya taso daga can baya a gaba ake jin sa. Masu irin wannan sukan ce ciwon ya fi tsanani da yamma bayan aiki, ya yi sauƙi ranar da ba su fita ba. A haƙarƙarin ƙasa kuma, na 8 zuwa na 10, wani lokaci bakin guringuntsin ne ke gocewa yana gugar jijiya, har mutum ya riƙa jin wani abu yana ƙas idan ya sunkuya.

Duk da haka ba zan yanke cewa naka na bango ne ba, domin wata biyu ya wuce lokacin da tsokar da ta fizgu ta saba warkewa. Ina so ka lura da abin da ke tayar da ciwon, don shi ne ya fi nuna asalinsa. Idan ka danna wurin da yatsa, ainihin ciwon da ke damunka ne ke tashi ko wani daban? Cin abinci yana ƙara shi ko yana rage shi? Tafiya da sauri ko hawa bene suna tayar da shi? Tarin ya tafi gaba ɗaya ko akwai saura? Kana jin zazzaɓi ko gumin dare, kuma ka rame? Ka kuma koma wurin mai kemis ya rubuta maka sunayen ƙwayoyin da ya ba ka.

Uwargida daga Zariya:

Sannu Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma da na ga ka ce dama ne kuma yana kai wa allon kafaɗa, sai na ga bai kamata in yi shiru ba, domin nawa ciwon nan ya bi, kuma na daɗe ina shan maganin olsa a kansa ba tare da olsa ce ke damuna ba.

Nawa a ƙasan haƙarƙarin dama yake kama ni, yawanci da dare, kuma na lura ya fi zuwa ranar da na ci abu mai maiƙo, kamar soyayyen naman layya ko tuwon da aka zuba wa man shanu da yawa. Idan ya taso ba ya sakina sai ya yi awa biyu ko uku, da amai da gumi, ba zama ba kwanciya, daga nan sai ya tafi ɗif kamar ba a yi ba, in yi makonni lafiya lau. Sai da aka yi mini sikanin na ciki aka ga duwatsu ne a matsarmama. Yadda likitan ya yi mini bayani, hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo, matsarmama kuma ita ke ajiye shi, to idan aka ci maiƙo sai ta matse don ta turo ruwan, dutsen ya toshe bakin hanya, ciwo ya tashi. Ya ce ya fi samun mata, musamman masu haihuwa da yawa da masu ƙiba, da kuma masu sikila ko da suna ƙanana. An yi mini aiki an cire ta, kuma alhamdulillah ina cin abincina. Idan aka ce za a yi maka sikanin ɗin, ka je ba ka karya ba, domin idan an ci abinci matsarmamar takan tsuke ba a ganin ta sosai.

Gaskiya yadda ka kwatanta naka, wanda numfashi da atishawa ke tayarwa, bai yi kama da nawa sosai ba. Amma maganar abokinka ba abin yarwa ba ce. Kafin a yi mini aiki an gwada jinina don ciwon hanta nau'in B, kuma a nan na ji cewa babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar, galibinsu ba su sani ba, domin hanta ba ta cika yin ciwo ba sai ta kumbura. Gwajin ba shi da wuya, kuma ko ba don wannan ciwon ba ya kamata magidanci ya san matsayinsa. Idan ka ga idonka ya yi ɗorawa ko fitsarinka ya yi duhu sosai, to ka gaggauta.

Ita kuwa olsa, a iya sanina, ciwonta ya fi zama a ƙahon zuci, yana da alaƙa da yunwa ko cin abinci, sau da yawa da ƙwannafi da kumburin ciki. Mu dai an saba duk ciwon da ya faɗo tsakanin wuya da cibiya a ce masa olsa, kuma wannan ya ɓata wa mutane da yawa lokaci. Ga 'yan uwana mata kuma, mai juna biyu idan ciki ya tsufa takan ji haƙarƙari na ciwo saboda turin yaro, wannan sananne ne, amma idan ciwon ƙasan haƙarƙarin dama ya zo tare da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska, to hawan jinin masu ciki ne ake tsoro, wanda ke kai wa ga jijjiga, kuma a ranar ake tafiya asibiti.

Dattijon Maraɗi:

Ɗana, Allah Ya sawwaƙe. Ka sa iyalinka su ɗaga rigarka su duba bayanka da kyau a cikin haske, domin akwai ciwon haƙarƙarin da a fata yake bayyana, kuma ni na sha shi bayan na haura shekara 60. Ya fara mini da raɗaɗi irin na ƙuna a gefen hagu, ba ƙurji ba kumburi, har na ɗauka zuciya ce. Bayan 'yan kwanaki sai ƙuraje masu ruwa suka feso a jere, daga tsakiyar baya suka bi layin haƙarƙari ɗaya suka zagayo gaba, suka tsaya daidai tsakiyar ƙirji ba su ƙetara ɗaya gefen ba. Likita ya ce ƙwayar cutar ƙarambau ce da na yi tun ina yaro, ba ta bar jikina ba, ta kwanta a tushen jijiya shekara da shekaru, da ƙarfin jiki ya ragu sai ta farka ta bi jijiyar ta fito. Ya ce maganinta ya fi amfani idan aka fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, ni kuwa na makara, shi ya sa bayan sun bushe ciwon ya zauna mini watanni, har gugar riga ba na so. Ya ƙara da cewa idan ta fito wa matashi, ana so a bincika abin da ya raunana garkuwar jikinsa, kamar ciwon suga ko cuta mai karya garkuwar jiki.

Tunda naka ya kai wata biyu ba ka ambaci ƙuraje ba, mai yiwuwa ba shi ba ne, amma wasu ƙurajen kaɗan ne suke fitowa a baya su bushe mutum bai gani ba, sai tabo. In ba a ga komai ba, ni a ganina idan ka danna wurin ya yi zafi to tsoka ce, ka shafa man zafi, ka rage aiki, ka ɗaure ƙirjin da rawani idan za ka yi tari, za ka ji sauƙi da yardar Allah.

Telan Unguwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Baba, an duba bayana babu ƙurji babu tabo. Malama, na gwada abubuwan da kika ce. Idan na danna tsakanin ƙasusuwan akwai ɗan zafi, amma ba shi ne ainihin sukar da nake ji ba, ita sukar daga ciki take kuma dogon numfashi ne ke tayar da ita. Abinci ba ya ƙara ta ba ya rage ta. Tarin bai tafi duka ba, akwai ɗan busasshen tari da ya rage, wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba shi ya sa ban faɗa ba. Da yamma nakan ji jikina ya yi ɗumi da kasala, na sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai hana ba. Gumin dare kuwa ina yi, amma yanzu lokacin zafi ne, kowa ma yana yi. Maganar rama ce ta tsaya mini a rai, domin wandunan da na ɗinka wa kaina da Sallar bara duk sai da na rage musu ƙugu, kuma da na sa tef na auna na ga na ragu sosai. Kwanan nan kuma idan na hau bene nakan yi haki fiye da da.

Akwai wani yaro cikin masu koyon aiki a wurina da ya daɗe yana tari, kuma shagon ƙarami ne, taga ɗaya gare shi, ita ma a rufe ta wuni duk hunturu saboda ƙura. Mai kemis ya ce ƙwayoyin su ne diklofenak da farasitamol da wata ƙarama da ya kira deksametason, a karo na biyu kuma ya ƙara mini siprofuloksasin saboda tarin.

Likitan Ƙirji:

Malam, sannu da jiki. Da wannan ƙarin bayani maganar ta sauya, kuma shawarata ita ce kada ka bari wannan makon ya ƙare ba ka je asibiti ba. Ba zan iya ce maka ga abin da ke damunka ba tare da na duba ka ba, amma abin da ya kamata a fara kawar da shakku a kansa shi ne tarin fuka, musamman wanda ke kama tantanin huhu.

Shi huhu kansa kusan ba ya jin ciwo. Abin da ke ji shi ne tantanin da ya shimfiɗu a jikin haƙarƙari ta ciki, wanda ke fuskantar wani tantanin da ya lulluɓe huhun, da ɗan ruwa kaɗan a tsakaninsu, suna zamewa a kan juna kamar leda biyu da aka shafa wa mai. Idan suka kumbura sai su riƙa gugar juna, kowane dogon numfashi ko tari ko atishawa ya zama suka. Namoniya tana kawo haka, amma ita da zafinta take zuwa, da zazzaɓi mai ƙarfi cikin 'yan kwanaki. Wanda ke tafiya a hankali tsawon makonni, da ɗumin jiki da yamma da gumin dare da rama, ga kuma zama ɗaki ɗaya da mai tsohon tari, a ƙasarmu tarin fuka ake fara zargi, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan cuta a duniya. Akwai kuma abin da ke yaudarar masu ita: idan ruwa ya taru tsakanin tantanin biyu sai su daina gugar juna, sukar ta ragu ta koma nauyi, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali ruwan yana danne huhu ne, haki yana ƙaruwa. Hakin da ka ambata a kan bene shi ya fi sa ni matsa maka.

Abin da za a yi maka ba mai wahala ba ne. Za a saurari ƙirjinka, a ɗauki hotonsa, a kuma karɓi kakinka a sa a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, tana ba da sakamako cikin kamar awa 2, har ta nuna ko ƙwayar cutar tana bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, kuma a Kano akwai su a Asibitin Zana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ƙananan asibitoci da dama. Ka sani cewa idan cutar a tantani take, kaki yana iya fitowa babu komai alhali tana nan, don haka kada ka tsaya a gwajin kaki kaɗai, hoton ma dole ne, kuma idan an ga ruwa za a zuƙi kaɗan da allura a gwada. In ta tabbata, magani na wata 6 ne, wata 2 na farko da magunguna huɗu, sauran 4 da biyu, kuma ana warkewa sarai idan ba a yanke shan sa ba.

Ƙwayoyin da kake sha ne suka fi damuna. Deksametason yana kwantar da kumburi da zazzaɓi, mutum ya ji daɗin jikinsa, amma yana danne garkuwar jiki, wanda kuwa shi ne abin da ƙwayar tarin fuka take so. Idan ka yi makonni kana shan sa kullum, kada ka yanke shi lokaci guda, ka tafi da shi likita ya tsara maka yadda za a janye shi a hankali. Siprofuloksasin kuma yana cikin dangin magungunan da ke taɓa ƙwayar tarin fuka sama-sama, su rage alamu, su jinkirta ganowa, su kuma koya mata bijirewa. Diklofenak idan aka daɗe ana sha yana iya jawo gyambon ciki da zubar jini da lahani ga ƙoda, saboda haka ba wa wanda ake zargi da olsa shi babban ganganci ne. Farasitamol ya ishe ka kafin ka je, kada ya wuce giram 4 a wuni.

Baba na Maraɗi, a gafarce ni, zan ɗan saɓa maka a wurare biyu. Jin zafi idan an danna yana ƙarfafa zaton cewa ciwon na bango ne, amma ba ya wanke abin da ke ciki, domin mai ciwon tantani ma yakan ji zafin dannawa, kuma mai tari tsokarsa tana iya ciwo alhali abin da ke sa shi tarin yana nan. Ɗaure ƙirji kuwa an daina shi ko ga wanda haƙarƙarinsa ya karye, saboda yana hana huhu buɗewa, majina ta kwanta, namoniya ta shiga. Rungumar matashin kai a lokacin tari ya fi.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida ko da wane gefe ne. Nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji da ke tashi idan ana tafiya ya lafa idan an tsaya, ko ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi da gumi mai sanyi, na zuciya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma masu ciwon suga da mata sukan zo da alamun da ba su fito fili haka ba. Suka da haki da suka zo farat ɗaya, musamman ga mai jego, ko wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ya yi doguwar tafiya a zaune kuma ƙafarsa ɗaya ta kumbura, suna iya zama gudan jini ne ya toshe jijiyar huhu. Mai sikila da ya haɗa ciwon ƙirji da zazzaɓi da tari shi ma na gaggawa ne. Ciwon da ke can baya a ƙasan haƙarƙari yana gangarowa mara, da zafin fitsari ko jini a ciki, ƙoda ake dubawa. Wanda kuma ya manyanta, ciwon ƙashi yana tashinsa daga barci yana ramewa, ana bincika sankara, domin ta nono da ta huhu da ta mafitsarar maza suna iya yaɗuwa zuwa haƙarƙari.

Malamar Jinya:

Likita ya gama magana, ɗan abin da zan ƙara na aiki ne. Malam, idan aka ba ka robar kaki, ka kuskure bakinka da ruwa, ka fita waje inda iska ke kaɗawa, ka ja dogon numfashi sau biyu ko uku sannan ka yi tari daga can cikin ƙirji, domin yawu ba ya amfani a gwajin. Ka tafi da sauran ƙwayoyin a ledarsu. Ka kuma tafi da yaron nan mai tari a gwada shi rana ɗaya da kai, tunda tarin da ya kai mako 2 ya isa dalilin gwaji, kuma a buɗe tagar shagon tun yau. Idan sakamako ya nuna cutar ce, za a nemi ganin mutanen gidanka, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, domin akwai maganin kariya da ake ba su.

Game da ƙaho kuma, ka lallashi Hajiya a dakata har sakamako ya fito. Ƙaho a fata yake tsayawa, ba ya isa inda ruwa ke taruwa, sannan askar da aka yi wa wani tsaga da ita tana iya ɗauko ciwon hantar da Uwargida ta ambata. Idan ka karɓo hoton da sakamakon kakin, ka sanar da mu abin da aka ce.